Hutun zafi da ƙananan yara: ku dai yaya kuke yi?

Maman Uku: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, amma don Allah kar a yi min dariya. Yau kwana tara da ba yara hutu, ni kuwa tuni na fara ƙirga ranar komawa. Babbar shekararta 6, na tsakiya 3, sai ƙaramin mai wata 5. Zafi ya hana mu fita, cikin gida kuma kamar an kulle kaji a akurki: wannan ya ƙwace wa wancan abu, wancan ya fasa ihu, jariri ya farka. Kafin azahar na gaji liƙis. Sai in ɗauki waya in ga hotunan mutane, kowa da iyalinsa a bakin ruwa, yara fes-fes, uwa tana murmushi kamar ba ta taɓa wanke kashi ba. Sai in ji kamar ni kaɗai ce ban iya ba. Ba wurin zuwa nake nema ba. So nake in san yadda ake yi har uwa ma ta ji daɗin hutun, ba ta wuni tana rabon faɗa ba.

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Maman Uku, ki ƙyale su kawai. Mu da muka taso wa ya taɓa zama ya tsara mana hutu? Yaro in zaman banza ya ishe shi, da kansa zai ƙirƙiro wasa. Nawa tagwaye ne masu shekara 4. Kwalin da aka kawo firji a ciki na jefa musu, kwana uku suna kansa. Ya zama mota, ya zama jirgi, daga baya ya zama kanti har ana sayar min da duwatsu. Matsalarku iyaye mata kuna so ku cike wa yaro kowane minti.

Uwa Mai Aikin Ofis: Malam Baban 'Yan Biyu, tambaya ɗaya ce da ni. A kwana ukun nan da suke kan kwalin, wa ke gida? Wa ya raba su da suka yi faɗa a kan wanda zai tuƙa? Wa ya share yagaggun kwalin?

Baban 'Yan Biyu: To, ni ai ina wurin aiki da rana.

Uwa Mai Aikin Ofis: Na gode. Ba ni da wata tambaya kuma.

Kakar Bakwai: Ku bar shi haka, ya ji. 'Yata Maman Uku, bari in faɗa miki abin da na gani a shekarun da na yi ina raino, nawa da na 'ya'yana. Kuskurenki ɗaya ne, kina tafiyar da lokacin zafi da agogon lokacin sanyi. Da zafi rana biyu ce a cikin ɗaya. Akwai ta safe, daga gari ya waye zuwa hantsi, akwai ta yamma, daga la'asar sakaliya zuwa dare. Abin da ke tsakaninsu ba lokacin yin komai ba ne, na kwanciya ne. Ki fitar da su tun da sanyin safiya, ko da zagayen layi ne, su yi gudu, su tsinci duwatsu, su bi tururuwa har raminta. Yaron da ya zubar da ƙarfinsa da safe, da rana ba sai kin roƙe shi ya kwanta ba. Wankinki da shararki su jira. Shara ba ta gudu, sanyin safiya kuwa yana gudu.

Nas Mai Aikin Dare: Kaka ta yi gaskiya, kuma abin da ake koyarwa ke nan. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne hasken rana ya fi ƙona fata. Ga dabarar da ko yarinyarki mai shekara 6 za ta iya: ta dubi inuwarta. In inuwar ta fi ta gajarta, a koma ƙarƙashin rufi. In ta fi ta tsawo, a fito. Shi kuma jariri da bai kai wata 6 ba, ba a sa shi a rana kai tsaye ko kaɗan. Inuwa, riga mara nauyi, hula. Kuma don Allah masu keken jarirai, ku daina lulluɓe shi da zane wai don kare rana. Iska ce kuke tsarewa, cikin ya koma kamar tanda.

Kakar Bakwai: Ki kuma riƙa ɗura wa ƙaramin ruwa da cokali, 'yata. Wannan zafin ko babba ya ji ƙishi, balle jinjiri.

Nas Mai Aikin Dare: Kaka, a gafarce ni, a nan kam ba zan bi ki ba. Jaririn da bai cika wata 6 ba ba a ba shi ruwa, ko da zafi ya kai ina. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. In ya ji ƙishi zai nemi nono sau da yawa, sai a ba shi duk lokacin da ya nema. Cikinsa ƙarami ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage shan nono, ga kuma haɗarin gudawa in ruwan ba mai tsabta ba ne. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa.

Kakar Bakwai: Ni dai bakwai na raina, duk na ba su, ga su nan da ransu.

Nas Mai Aikin Dare: Allah Ya ƙara musu lafiya, Kaka. Amma mu a asibiti waɗanda abin bai yi wa daɗi ba ne ake kawo mana, shi ya sa muke da naci. Maman Uku, ki lura da famfas ɗinsa. In yana jiƙa kamar shida a wuni da kwana, yana samun abin da ya ishe shi. In fitsari ya ragu ya yi duhu, baki ya bushe, yana kuka ba hawaye, ko maɗiga ta faɗa, kar ki jira gobe.

Kakar Bakwai: To, zamani naku ne. Amma maganar safiya dai ba ki musa ba.

Nas Mai Aikin Dare: Wa ya isa ya musa, Kaka?

Uwar Fari: Ni abin da ya cece ni ruwa ne. Nawa ɗaya ne, shekararsa 2 da rabi. In na ga ya fara rigima sai in zuba ruwa a baho a inuwa, in ba shi kofuna uku, da mazurari, da soso. Zuba wa nan, juye wa can, ya fi minti arba'in bai ce uffan ba. Wani lokacin in ba shi tsohon buroshin fenti da ruwa zalla ya "yi wa bango fenti". Kafin ya kai ƙarshe farkon ya bushe, sai ya koma ya sake. Aikin da ba ya ƙarewa, kuma ba abin gogewa. A lokacin nakan samu in shiga kicin in ɗora girki.

Yayar Marayu: 'Yar uwa Uwar Fari, tsaya. Kin ce kikan shiga kicin? Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Bari in ba ki labarin da ban cika son bayarwa ba. Shekara uku da suka wuce ina wanki, na bar bokiti da ruwan ɗauraya bai kai rabi ba. Waya ta yi ƙara a ɗaki, na ce bari in ɗauko. Ban yi minti biyu ba. Na fito na tarar da ɗan ƙanwata mai wata 14 kansa a cikin bokitin, ƙafafu a sama. Ba kuka, ba motsin ruwa, ba komai. Allah Ya sa da sauran kwanansa. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne shirun. Na ɗauka in yaro ya faɗa ruwa zai yi ihu ya bubbuga. Ashe ba ya yi.

Nas Mai Aikin Dare: Innalillahi. Allah Ya kiyaye gaba. Haka abin yake, nutsewar yaro shiru ce. Ƙaramin yaro kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa. Ruwan da bai wuce santimita 5 ba, wato bai kai tsawon yatsa ba, ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A shekarar ne ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan wannan. Ƙa'idar ɗaya ce: in yaro yana wasa da ruwa, babba yana inda zai miƙa hannu ya taɓa shi. Ba ta taga ba, ba "yayarsa tana kallonsa" ba. An gama wasa a kifar da bahon nan take. Su kuma balan-balan ɗin nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse, kayan wasa ne, ba rigar ceto ba ce.

Uwar Fari: Subhanallah. Na ɗauka tunda ruwan kaɗan ne ba komai. Daga yau kujera zan ja in zauna a gefensa. Girkin ya jira.

Baban 'Yan Biyu: Ni abin da na lura da shi a taron iyali, an fi yin sake in manya suna da yawa. Kowa yana zaton wani ne ke kallo. Mu yanzu in mun je wurin ninƙaya da 'yan uwa, sai mu ce wane, kai ne mai ido na minti 15, ba waya ba hira, in lokacinka ya cika ka miƙa wa wani da baki, ka ji ya amsa.

Uwa Mai Aikin Ofis: Ka ga, Malam, yanzu ka yi magana.

Maman Uku: Jama'a na gode, jikina duk ya yi sanyi da labarin Yaya. Amma bari in tona wa kaina asiri. Tsakiyar ranar nan da Kaka ta ce a kwanta, babbar ba ta barcin rana, ta daina tun tana 4. Waya nake miƙa mata. Ƙanenta ma sai ya matso. Jiya na duba, sun yi awa uku da rabi.

Malamar Firamare: Awa uku da rabi ya yi yawa, 'yar uwa, ba zan ɓoye miki ba. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ce jariri da ɗan shekara 1 ba a ba su waya ko talabijin sam. Daga shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana, in an rage ma ya fi. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na minti 180 a wuni, da barcin awa 10 zuwa 13. Mu malamai mu muke ganin sakamakon. A makon farko na komawa makaranta, ba sai an gaya min wanda ya yi hutunsa a kan waya ba. Ba ya iya zama ya saurari labarin minti biyar.

Uwa Mai Aikin Ofis: Malama, da girmamawa, waɗanda suka rubuta awa 1 ɗin nan ba su ne za su zo su riƙe mata jariri tana girki ba. Ni ba na son shawarar da ke ƙara wa uwa jin laifi. Ta ce ta gaji, sai a miƙo mata ma'auni a ce ta faɗi jarrabawa?

Malamar Firamare: Ba jarrabawa ba ce. Amma in na ce mata ba komai, na cuce ta.

Uwa Mai Aikin Ofis: To ki faɗa mata abin da za ta sa a madadin wayar. Nan ne gizo ke saƙar.

Malamar Firamare: Wannan gaskiya ne. Ga abin da nake yi wa nawa. Bayan cin abincin rana akwai "lokacin shiru". Ba dole ka yi barci ba, amma dole ka zauna a shimfiɗarka. Kowa da akwatinsa da ba a buɗewa sai a wannan lokacin: takarda, fensirin kala, littafin hotuna, murafen kwalba, igiya da manyan maɓallai ga babbar (ba ga ƙaramin ba, zai kai baki). Sirrin shi ne akwatin ya koma saman kabad da zarar lokaci ya cika. Abin da yaro ke gani kullum ba ya marmarinsa. Kwana uku na farko za a sha kuka, kar ki karaya. Wayar kuma ki sa mata lokaci guda sananne, misali sa'ar da kike girkin dare. Yaro ya fi yarda da doka in ya san yaushe rabonsa zai zo.

Kawun Yara: Ni ba ni da aure tukuna, amma ku bar ni in faɗi abin da 'yar yayata ta ce min. Na ce mata ajiye wayar nan, ta lalata miki ido. Ta dube ni ta ce, "Kawu, kai taka ba ta lalata ido?" Shekararta 5. Ban sami amsa ba har yau.

Baban Gimbiya: Ni tawa damuwar daban ce. Bara na tara kuɗi na kai iyali tafiya mai nisa, kwana biyar, otal mai kyau, wurin dabbobi, komai. Muka dawo na tambayi 'yata mai shekara 3 me ya fi burge ta. Ta ce lif. Lif ɗin otal! Giwa ta gani da idonta, amma maɓallin da ake dannawa ne ya tsaya mata. Yanzu ma ta manta da tafiyar gaba ɗaya. An ce ai mutum da wuya ya tuna abin da ya faru kafin ya kai shekara 3 ko 4. To in haka ne, wahalar me muke sha?

Kakar Bakwai: Ɗana, nonon da ta sha ma ba ta tuna shi, amma ga shi a ƙashinta. Ba za ta tuna giwa ba, za ta taso dai ta san in tana tare da babanta hankalinta a kwance yake. Sai dai ni ma ina ganin ka yi nisa da yawa. Da lif ɗin ka nema mata a kusa.

Baban Gimbiya: Kaka kin gama da ni.

Direban Dogon Zango: Tunda an zo maganar tafiya, ni sana'ata ce, bari in sa baki. Da yara, a tashi da asuba a ci rabin hanya suna barci, a tsaya duk bayan kamar awa biyu su miƙe ƙafa. A taɓa ƙarfen bel da hannu kafin a ɗaura wa yaro, yana ƙuna. Babbar magana kuma: kar a bar yaro a mota a ce "yanzu zan dawo". Cikin minti 10 zafin cikin mota a rufe kan ƙaru da kimanin digiri 10, kuma ɗan sassauta gilashi ba ya hana komai. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Wasu ma ba da gangan ba ne, mantuwa ce, yaro ya yi barci a baya shiru. Ni wayata nake ajiyewa a kujerar baya kusa da shi. Ba wanda ke fita ya bar wayarsa. A gida kuma a kulle motar a ɓoye makulli, don yara kan shiga wasan ɓuya su kasa fitowa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, Maman Uku ta tambayi yadda za ta ji daɗi, mun cika ta da labarin ruwa da mota har ta kusa fasa fita ƙofar gida. Duk gaskiya ne, amma a kawo na daɗin ma.

Malamin Kimiyya: To ga na daɗi. Daren zafi ba abin da ya kai shi. A shimfiɗa tabarma a waje, a kashe fitila, a kwanta rigingine. Wajen 12 da 13 ga Agusta kowace shekara duniya takan ratsa ƙurar da wani tauraro mai wutsiya, Swift-Tuttle, ya bari a hanyarsa, sai ka ga haske yana gilmawa a sama kamar an ƙyasta ashana. An fi gani bayan tsakar dare in sama ta washe kuma ba farin wata. Ɗana yana 5 na tashe shi muka gani, ya ƙirga tara, har yau yana ba mutane labari, sai dai adadin ya kai arba'in yanzu. Da rana kuma ku kafa sanda a ƙasa, yarinya ta riƙa zana ƙarshen inuwarta da alli duk awa. Kafin yamma ta yi agogo da hannunta.

Maman Uku: Malam, ai kuwa jiya ta tambaye ni me ya sa ake zafi, na ce rana ce ta matso kusa.

Malamin Kimiyya: Hajiya, a je a warware wannan amsar. Abin mamaki, a farkon Yuli ne, ana tsakiyar zafi a arewacin duniya, duniya ta fi nisa da rana, kimanin kilomita miliyan 152, a farkon Janairu kuma ta fi kusa, miliyan 147. Karkata ce ke kawo zafi. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, ɓangaren da ya fuskanci rana sosai shi ke samun haske a tsaye da doguwar yini. Shi ya sa lokacin da arewacin duniya ke zafi, kudanci sanyi ake yi, su nasu zafin a Disamba yake. Ki ɗauki ƙwallo da tocila a ɗaki mai duhu ki nuna mata. Wasan dare ɗaya ke nan kin samu kyauta.

Maman Mai Sunan Baba: Wannan doguwar yinin ita ce jarrabawata. Inda muke zaune rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9. In na ce a kwanta sai ɗana ya ɗaga labule ya ce "Mama, ƙarya ne, dare bai yi ba." Sai da na sa labule mai kauri, nake rufe tagogi awa guda kafin lokacin barci, wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, labari ɗaya, a kan lokaci guda kullum. In na bari ya wuce lokacinsa da awa biyu don muna jin daɗin hira, gobe ni ce zan biya.

Uwa Mai Aikin Ofis: Ni har yanzu ina kan bakata. Duk dabarun nan, baho da akwati da taurari, aiki ne, kuma a kan mutum ɗaya yake sauka. Maman Uku, maigidan fa? Ba faɗa na ce ki yi ba. Ki ce masa safiyar Asabar tasa ce, daga 7 zuwa 10, ya kwashi manyan biyu ya fita da su. Kar ki shirya masa jaka, kar ki kira shi a waya. In ya manta hula zai koya.

Baban 'Yan Biyu: Da ni ake, na sani. Na karɓa. Asabar ɗin nan zan gwada, in ba ku ji ni ba ku yi min addu'a.

Maman Uku: Salam jama'a, na dawo bayan kwana takwas. Fitar safe ta kama, muna waje kafin 7, mun gano gidan tururuwa biyu da wata kyanwa mai 'ya'ya. Lokacin shiru bai zauna sosai ba, babbar tana yin minti 25 sai ta fara leƙowa tana tambaya ko ya cika. Waya ta sauko zuwa awa ɗaya da ɗan wani abu, Malama ki yi haƙuri da ɗan wani abun. Ranar Asabar babansu ya fita da su, ya dawo da na tsakiya takalmi ƙafa ɗaya, ni kuwa na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin haihuwa. Shekaranjiya ina zaune gefen baho sai ɗan nawa ya sheƙa min kofi guda a ka. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji sanyin ya yi min daɗi, na ɗebo na rama. Muka jiƙe sharkaf mu uku. Sabuwar matsalar ita ce yanzu ƙarfe biyar da rabi yake tsaye a kaina da bokitinsa. Sannan Anti Nas, ƙuraje ƙanana sun feso wa jaririn a wuya da hammata, ba zazzaɓi.

Nas Mai Aikin Dare: Da alama ƙurajen zafi ne. Ki rage masa kaya, auduga sakayau, ki riƙa wanke wurin da ruwa ki bar shi ya sha iska, kar ki shafa mai mai kauri don yana toshe ramukan gumi. In suka yi ruwa, ko wurin ya kumbura, ko jiki ya yi zafi, ko suka wuce kwana uku ba sauƙi, ki kai shi a duba.

Baban 'Yan Biyu: Ina da rai. Mun dawo ƙarfe tara saura. Tambaya: da me ake cire cingam daga gashi?